Bulon Roba

Ran Asabar na ajiye cokalin gini,
na kankare siminti daga ƙarƙashin farce.
Sa'ade ta goge wa yara kayan Sallar bara,
muka tari keke a bakin kasuwar Gwagwa,
mu biyar, da kular shinkafa da wake a cinya.
Daga nan sai mota zuwa Wuse,
Nasiba na ƙirga benaye har lissafi ya ƙwace mata.

A ƙofar zaure aka ɗaura mana takarda a wuyan hannu.
Kuɗin shiga ya kusa buhun siminti.
A zuci na lissafa, ban furta ba,
amma Sa'ade ta karanta a goshina,
ta ce, “Malam, yau dai a bar lissafi.”

Ciki sanyi kamar banki.
Ga gari sukutum a kan tebur:
jirgin ƙasa na zagaye ba ya gajiya,
gada ba tsaga, titi ba rami,
ga Dutsen Zuma da ƙananan bulo masu ruwan toka,
har da fuskar nan da ake cewa yana da ita.
Zubairu ya manna hanci a gilashi
sai da numfashinsa ya rufe masa garin.
Auta ta samu wani ja, ta ɗauka alewa ce,
uwarta ta zaro shi da yatsa, ana kuka.

Can ƙarshe aka zube bulo a tabarma,
aka ce kowa ya gina abin da ransa ke so.
Na tsuguna.
Shekara ashirin da biyu ina ɗora bulo kan bulo,
a Gwarimpa, a Jahi, a Lokogoma,
gidajen da ba na sake shiga in an sa musu ƙofa.
Amma yau yatsuna sun yi kauri,
abin sai zamewa yake kamar sabulu.
Nasiba ta ce, “Baba, ba haka ake yi ba,
danna har ka ji ya ce ƙas.”
Na danna. Ya ce ƙas.
Ba yashi, ba ruwa, ba lebura, ba ɗan kwangila mai ja min rai.

Ita ce injiniya, ni ne yaronta.
Ɗaki uku, ta ce, ɗaya nata ita kaɗai.
Zubairu ya dage sai an yi wa akuya wuri,
mu da ko kaza ba mu da ita.
Sa'ade ta miƙo taga shuɗiya ba ta ce komai ba,
na san ta kicin ce,
wadda ta daɗe tana so ta fuskanci gabas.
Kafin la'asar mun yi rufi.

Sai aka kaɗa ƙararrawa.
Wani saurayi mai riga ruwan ɗorawa
ya zo da bokiti yana murmushi,
yana ɓare gidaje ɗaya bayan ɗaya.
Zubairu ya riƙe min wando:
“Baba, ai ba su sa mana jan fenti ba tukuna.”
Ashe yana tune.
Shekararsa uku lokacin da motar rusau ta zo,
na ɗauka yaro ba ya ajiye irin wannan.
Saurayin ya tsaya, ya dube ni,
na ce, “Bari mu ɓare da kanmu.”
Muka fara daga rufi, a hankali,
yadda ake kwance kayan da za a sake amfani da su.

Da dare, a ɗakinmu na haya,
Sa'ade ta kwance goyo,
wani abu ya faɗo daga zani, ya ce ƙwal:
ƙofa ce, 'yar mitsila, ba ta kai babban yatsana ba.
Ta ce, “Kayan mutane ne, sai a mayar.”
Na ce to, Litinin zan bi ta can.
Nasiba ta ɗora ta a kan taga, kusa da fitila,
tana buɗe ta, tana rufewa,
har barci ya ɗauke ta ta bar ta a buɗe.