Baƙon da Ba Ya Daɗewa

Lamba goma sha huɗu zomanya ce mai karyayyen kunne.
Baba Lamela ya raɗa mata Kwando,
duk da na hana a ba su suna.

Ranar Talata na aske mata bayan wuya,
na tsaga fata tsawon ƙumba,
na tura abin ciki:
ɗan falle kamar ɓawon wake,
roba ce, amma ta sitacin rogo da ƙaro.
Sau tara muna dafawa tana tsagewa
kafin ta yarda ta zauna.
Ɗinki biyu.
Kwando ta farka tana neman harawa.

Kwana bakwai.
Naman lamba uku a kan gilashi,
ya fi ɓawon albasa siranta,
rine da shuɗi da ruwan hoda.
Na sa ido a madubi, sai ga taro:
fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo
kamar 'yan dako sun hango motar masara
tana shigowa Tudun Hatsi.
Wane ne wannan? Wa ya aiko shi?
Jiki bai san sunan baƙo ba,
sai ya kumbura.

Kwana ashirin da takwas, kasuwa ta fara watsewa.
Waɗanda suka rage sun haɗe,
sun zama ƙaton guda mai idanu barkatai
yana gatsar gefen robar a hankali.
Tsoka ta ja zana ta kewaye wurin.
Na auna kaurin zanar, na rubuta.
Ba mugunya.
Na sake dubawa, don ban yarda da murnata ba.

Mahaifina ya ɗauki ƙarfe a cinya shekara biyu
bayan motar Dukku ta kife da su.
Bijimi ya sayar aka sa masa,
gonar bakin rafi ya sayar aka cire.
Yakan ce ƙarfen ya riga shi sanin hadari zai haɗo.
Ban taɓa rubuta wannan a takardar neman kuɗin bincike ba.

Kwana casa'in ya faɗo kan Kwando.
Na zuƙo allurar da ba a farkawa.
Baba Lamela ya ce bari ya duba janareta,
alhali fanka na juyawa a kanmu.
Na riƙe ta kamar yadda yake riƙe ta,
hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji.
Zuciyarta na gudu,
sai tafiya,
sai shiru.

Bayan mako guda gilashinta ya iso.
Na bi shi daga wannan gefe zuwa wancan,
na koma, na sauya ƙarfin madubi.
Babu baƙo.
Sai wani siririn layi kamar inda aka taɓa kafa rumfa,
da sababbin jijiyoyin jini uku
sun ratsa ta tsakiya
ba su san an taɓa tare hanyar ba.

A gurbin "ragowar roba" na rubuta: babu.
Kalma ɗaya, shekarata biyu da zomaye goma sha takwas.

Da la'asar na leƙa ɗakin kejuna.
Baba Lamela na wanke na ƙarshe da buroshi.
Na ce masa ta narke, duk ta narke.
Ya gyaɗa kai, bai ɗago ba.
Ya ce akwai sauran harawa rabin buhu,
ko in ce a kai wa wa?