Akuyar Mantau

Sati uku ina fama da harafin farko.
Dakta Sambo ya ce aikin kammalawa ne:
littafin baƙaƙe da ɗan shekara biyar
zai buɗe ya ƙi rufewa.
Na sayo kwali a Sabon Gari, fentin ruwa kala goma sha biyu,
buroshi uku, ɗaya ya fara zubar da gashi
tun kafin motar ta wuce Kwangila.

A, akuya.
A waya na samo ta, fara fat, mai gemu har ƙirji,
tana tsaye kan dutsen da ƙanƙara ta rufe.
Na ba ta inuwa ta hagu yadda aka koya mana.
'Yan ɗakinmu suka ce saura kaɗan ta yi kuka.

Ranar Laraba na kai ta Hayin Dogo,
ajin Malama Barira, yara talatin da shida, benci tara.
Na ɗaga kwali sama. Mene ne wannan?
Shiru, sai tarin wani can baya.
Wata ta ce doki ne bai gama girma ba.
Wani ya ce kare ne ya tsufa.

Sai Mantau ya taso,
maɓalli ɗaya ya rage a rigarsa,
ya kawo hanci dab da takarda, ya daɗe.
Ya ce, Anti, in akuya ce, ina igiyarta?
Wa ke sakin akuya da damina?
Masarar mutane za ta ci,
a kama ta, a kai ta gidan mai unguwa,
Baba ya biya.

Na juya shafi da sauri.
Ɓera, na sa masa murmushi da jan kwalliya a wuya.
Ladingo ta murtuke fuska:
ba ya dariya, shi ya cinye mana daddawa.
Ƙwai na ɗora kan ɗan kofi mai ƙafa,
suka haɗa baki suka ce na lantarki ne.
Ɗan tsako kaɗai suka gane,
shi ma sai da suka tambayi ina uwarsa,
wai shaho na nan.

Shekara huɗu ina koyon haɗa kala a Samaru,
ga ni tsaye da alli a gefen mayafi,
ɗan baƙo a garin da aka yanke mini cibiya.

Da aka tashi na bi Mantau gida.
Lungu, kwata, wani lungun, ƙyauren langa-langa.
Ga ta a turke: ja ce, cikinta ya fito gefe guda,
kunnen dama da tsaga, shaidar gidansu,
tana tuƙa kamar mai tuna bashi.
Innarsa ta kife mini turmi na zauna.
Na zana igiyar tukuna, har ƙullin,
sannan kwanon dusa mai lanƙwasasshen baki,
sannan ita.
Mantau na tsaye a kaina, ya ce ƙafar baya ta yi tsawo.
Na goge. Ya ce yanzu ta yi gajarta.
Ina cikin gardama da shi
ta miƙo wuya ta yagi kusurwar kwalin ta haɗiye.

Ranar kare aiki Dakta Sambo ya gyara tabarau,
ya bi layin igiyar da bayan biro,
ya tsaya a wurin da aka ci.
Wannan fa?
Na ce mai jarrabawa ta waje ce, ranka ya daɗe,
ta ɗanɗana, ba ta tofar ba.
Bai yi dariya ba. Ya rubuta wani abu, ya rufe da hannu.

Farar tana ƙarƙashin katifata har yau,
ita da dutsenta, ba igiya.
Gobe Laraba.
Ladingo ta ce in zo da wuri,
an ɗana tarko a ɗakin girkinsu.