Gado Na Goma Sha Ɗaya

Ƙarfe biyar na bar Agege.
Danfo ta haɗiye ni, ta je Oshodi ta cije,
kwandasta na ihu, ruwa na dukan gilashi,
farar rigata a leda, na rungume ta
kamar ajiyar da aka ba ni.

Ƙarfe takwas na karɓi ɗaki.
Gado ashirin da biyu, mu biyu rak:
ni da Sista Morenike, wadda bizarta ta fito.
Wata mai kamawa jirgi zai ɗauke ta
yadda ya ɗauke Ebere, ya ɗauke Tunrayo.
Ban ga laifinsu ba.
Albashin nan ɗiban ruwa ne da kwando.

A gado na goma sha ɗaya akwai Malam Ɗanliti,
mai albasa a kasuwar Mil Sha Biyu.
Likita ya yi masa Turanci, ya yi masa Yarbanci,
tsoho sai gyaɗa kai.
Da na ce, "Sannu Baba, ina ke ciwo?"
idonsa ya ciko.
"Ashe 'yar gida ce."

Don haka a bakina aka ɗora labarin hoton.
Na juya harshena, na nemi kalma mai laushi,
ban samu ba.
Ciwon daji, Baba. Ya yi nisa.
Ya daɗe yana kallon fanka.
"To. Kada Isuhu ya ji daga gare ki."

Isuhu ya tare ni a baranda,
yana warin albasa da ruwan sama,
ya cusa min 'yan dubu-dubu a aljihu:
"Sista, don Allah, gaskiya."
Kuɗin motata ne na mako guda, na san lissafin.
Na mayar masa cikin tafinsa, na dunƙule.
"Maganar ta mahaifinka ce. Je ka zauna kusa da shi."
Ya ce ina da girman kai.
Na haɗiye. Ba yau aka fara ba.

Ƙarfe biyu aka ɗauke wuta.
Janareta ya yi tari sau uku kafin ya yarda.
Waya a haƙorana, haskenta a hannun wata yarinya,
ina laluben jijiya siririya kamar zaren ɗinki.
Na same ta. Ba wanda ya tafa.

Allurar rage zafi ta ƙare tun jiya.
A takarda akwai ɗan gurbi yana jiran alƙalami,
layi ɗaya, shi ke nan, kowa ya huta.
Na rubuta: babu, ba a ba shi ba.
Gobe Mataron za ta kira ni ofis.
Ta kira.
Na jiƙa tawul, na shafe wa Baba goshi,
abin da ke hannuna ke nan.

Wajen ƙarfe huɗu na tuna ban sha ruwa ba.
Ƙafafuna sun cika takalmi har sun yi tudu.
Morenike ta turo min fulas da guntun burodi:
"Zauna, Kuluwa. Minti goma. Ina nan."
Na so in ce akwai aiki.
Sai na ji muryar innata daga nesa:
rijiyar da ba a yashewa, laka za ta bayar.
Na cire takalmi.
Na sha shayin har ƙasan kofi, ban tashi ba.

Da aka kira assalatu daga wancan layin
na leƙa gado na goma sha ɗaya.
Isuhu ya kifa kai a gefen katifa,
hannun tsoho a kan ƙeyarsa.
Ko ya faɗa masa, ko bai faɗa ba,
ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Na miƙa ɗaki. Na wanke hannu har gwiwa.
A waje Legas ta riga ta fara faɗa da kanta.
Yau zan kashe waya,
in ja labule,
in yi jinyar mutum ɗaya.