Tsanin Jatau

A shagon ɗinkin Bappayo, bayan Tashar Dukku,
in an idar da isha'i, an lulluɓe kekuna da buhu,
mukan share teburin yanka,
mu shimfiɗa taswirar da aka zana a bayan kalandar bara.
Ƙwallon goruba shi ne dutse, shuɗin zare kogi.
Bappayo ke jan labari, mu uku mu faɗa ciki,
ɗan lido kuwa alƙali ne,
ba ya cin goro, ba ya jin magiya.

Ni da littafi na zo, mai shafi arba'in.
Jatau bai taka ƙasa ba na gama masa rayuwa:
mataki na ɗaya, sanda da gora,
na uku, kwari da baka,
na bakwai, layar zana,
na goma sha biyu, nan na ja layi biyu da jan biro,
takobin da ke saran iska ta yi jini.
Na ƙirga makinsa kamar mai awo a Tudun Hatsi,
ko ƙwaya ban yarda ta faɗi ƙasa ba.

Mela ya leƙa, ya yi dariya har ya ƙware.
Shi a bayan rasit ya rubuta nasa gwarzon.
Ya ce, "Nawa bai san abin da zai ci gobe ba,
kai naka har ka auna masa likkafani."
Zuwaira, ƙanwar mai shago, ta ce a ƙyale ni,
da sanyin safiya ake kama fara.

Mako shida muna tafe bisa layi.

Ran wata Laraba aka ɗauke wuta,
muka jingina waya da gwangwanin maɓallai,
Bappayo ya sassauta murya:
"Kun iso wata rijiya. Akwai yaro ciki, yana kira."
Babu rijiya a littafina.
Littafina cewa ya yi a wuce,
kwari da baka na can gaba, tafiyar yini.
Sai na ji bakina ya riga ni:
"Jatau zai sauka."

Ɗan lido ya gangara, ya bugi almakashi,
ya yi kamar zai ba da shida,
ya kwanta kan ɗaya.
Yaro ya fito da ransa.
Hannun daman Jatau ya fito a lanƙwashe.

Shanyayyen hannu ba ya ɗana baka.
Shafi talatin da biyu suka mutu ina kallo,
ba wanda ya yi mini gaisuwa.

A ƙafa na koma, ta Jekadafari,
littafi a hammata, ina tuna Baba.
Shi ma yana da nasa, mai baƙin bango:
firamare, sakandare, jami'a a Bauchi,
ya ja layi biyu ƙarƙashin injiniya.
Ga ni nan ina gyaran waya a tsohuwar kasuwa.
Jiya ya kawo tasa, ta faɗa randa,
ya zauna kan benci yana kallon yatsuna,
bai ce komai ba har ta kama.

Yanzu Jatau ɗori yake yi.
Ya san sassaƙe, ya san saiwa,
yaron rijiya ke riƙe masa jaka.
Sau biyu ya haɗa ƙashin gwarzon Mela,
wanda har yau bai san abin da zai ci gobe ba.

Ban daina tsarawa ba, hali zanen dutse,
sai dai da fensir, mataki biyu, wani lokaci uku.
Shafin takobi ban yage ba.
Zuwaira ta ce in ba ta ta naɗe gyaɗa,
na ce ta dakata tukuna,
Bappayo bai ce an rufe labari ba,
kuma Jatau na da hannun hagu.