Allura da Dalma

A Yaba aka liƙa takardar,
jikin ƙofar gilas, hawa na uku:
ana neman mutum goma sha biyu
da suka iya ɗinki, suka san lantarki.
Wata huɗu tana nan.
Ruwan Ikko ya lashe rabin haruffan,
ko mutum ɗaya ba a samu ba.

Injiniyoyi sun zo da kwali mai tambari,
aka miƙa musu allura,
suka riƙe ta kamar an ba su kunama.
Teloli sun zo daga Idi-Araba,
aka nuna musu waya ja da waya baƙa,
suka ce a gai da mutanen gida.

Sai ni, 'yar Haladu mai surfani,
shekara uku ƙarƙashin lema a Ikeja
ina feɗe cikin wayoyin mutane,
hayaƙin dalma ne turarena.
Digiri babu.
Akwai tabon ƙuna biyu a babban yatsa,
akwai idon da ya tashi yana kallon
yadda Baba ke fito da aska takwas
daga farin yadi.

Rigar ta 'yan dakon Apapa ce:
zaren azurfa a ƙirji,
batir kamar ƙwayar gurjiya a gefen aljihu.
In zuciya ta yi tuntuɓe ƙarƙashin buhu,
riga ta riga mai riga sani.

To amma wanki ɗaya, sai ta kurumce.
Gumi ya fara, sabulu ya ƙarasa.
Injiniya Morenike ta baje gawa goma a tebur,
ta dafe kai.

Na ɗauki ɗaya, na matsu da ita cikin danfo
har Agege.
Baba ya ɗaga ta ga fitila, ya ja, ya saki.
"Wa ya ɗinka wannan a miƙe?
Ƙirji ba allo ba ne.
Zaren da bai iya rusunawa ba,
numfashi ne zai tsinka shi."
Ya yi mata tafiyar maciji daga hamata zuwa hamata,
yana sauraron labaran ƙarfe takwas.
Wanki ashirin, tana ji.

Suka ce wace makaranta ya yi?
Na ce bencin wani shago bayan layin dogo,
shekara talatin da ɗaya.
Malaminsa ya rasu, bai bar hatimi ba.
Aka juya fom gaba da baya,
babu gurbin wannan.

Yanzu ina zuwa kwaleji da yamma,
ina koyon sunayen abubuwan
da hannuna ya daɗe da sani.
Lissafi yana ba ni kashi.
Sashen saƙa na wannan gini,
sashen lantarki na wancan,
tsakaninsu kwata da filin ƙwallo,
malaman ma sai a wajen biyan albashi suke haɗuwa.
Ni ke tsallake kwatar nan
da zare a aljihun hagu, dalma a na dama.

Ran Asabar Baba ke hawan matakala,
ya ce bai yarda da akwatin da ke ɗaga mutane ba.
Masu digiri shida a gabansa,
kowa na tsotsar yatsa.
A takardar biya an rubuta masa: baƙo.

Jiya na sa masa rigar.
Zuciyarsa ta fito a wayata,
tana hawa, tana sauka, kamar ɗinkinsa.
Ya leƙa, ya daɗe yana kallo.
"Kashe, Ladidi.
Abin da ke ciki nan, tsakanina da Mai shi ne."

Takardar tana nan a ƙofa.
Wani ya soke sha biyu da biro,
ya rubuta sha ɗaya.