Ƙofar Fita

Wata bakwai ina tara ta gunduwa-gunduwa, kamar zubin adashi:
uwar allo daga shagon Davou a Taminus,
akwatin gwanjo daga Dilimi, gefe guda a lotse,
fankoki huɗu a leda, ya jefa ta biyar gyara,
wai saboda ni ɗaliba ce.

Daren Laraba na shimfiɗa zani a ƙasa.
Unguwar Rogo ta yi tsit, sanyi na lasar taga.
Na ɗiga mai a kan ƙwaƙwalwar, daidai ƙwayar wake,
na ɗaure kusoshi. Ɗaya ta gangara ƙarƙashin kabad,
tana can har yau.

Na danna. Ta farka.
Fankoki biyar suka ɗau kuka lokaci guda
kamar injin markaɗen Maman Nanret da asuba.
Lamba na hawa a kan gilashi:
sittin, saba'in da huɗu, tamanin da tara.
A Jos fa! Garin da manja ke daskarewa a kwalba,
ni ce na ƙera abin da ke zazzaɓi.

Baba Tanimu ya ɗaga labule, bargo a kafaɗa,
tarin nan nasa ya riga shi sallama.
Shekara ashirin da shida ya yi a ramin kuza,
daga Bukur zuwa Barikin Ladi.
Ko wayarsa ni ke sa mata kati.
Ya ce, "Rumasa'u, wa ake yankawa?"

Na ce zafi ne, Baba, na ba ta iska ta ƙi sha.
Bai tanka ba. Ya kunna turaren tsinke,
ya durƙusa, gwiwa na ƙara,
ya kai hayaƙin gaba, ta zuƙe.
Ya kai sama, ta zuƙe.
Ya zagaya baya. Nan ma ta zuƙe.

Ya yi dariya har tari ya ƙwace ta.
"Kin gayyato baƙi biyar kin toshe ƙofar fita.
A loto, rami ɗaya kabari ne.
Sai an haƙa na biyu iska ke yarda ta sauka,
ba ta shiga inda ba ta ga hanyar komawa ba.
Mun koyi haka ranar da fitilar Choji ta mutu
a ƙafa arba'in."
Bai ƙarasa ba. Ni ma ban tambaya ba.

Na kwance kusoshi. Ashe kowace fanka
da 'yar kibiya a haƙarƙari, ƙarama kamar bille,
ni ce ban duba ba.
Uku a gaba su jawo, ta baya da ta sama su kora.
Waya mai haƙori huɗu ta koma gurbinta.

Sai shuɗin shafin bayos,
inda ake yi wa uwar allo magana kafin ta wartsake.
Na ja layi, na dasa ɗigo huɗu:
ƙasa da arba'in, ku yi raɗa;
hamsin da biyar, ku ɗan motsa;
saba'in, ku miƙe tsaye;
in ta kai tamanin ku tashi unguwa, na yafe.
Na adana. Ta rufe ido, ta buɗe.

Talatin da takwas.
Har ina jin ɗigon famfo a tsakar gida.

Baba ya kai tafin hannu bayan akwatin,
ɗumi na bi a hankali ta tsakanin yatsunsa
masu kantar diga.
Ya ce, "To. Tana numfashi."
Bai ɗauke hannun ba.

Na buɗo zanen gidan da zan miƙa wa malami ran Litinin,
ɗaki uku da falo,
na leƙa wanda na ware wa Baba a zuciyata.
Taga ɗaya ce.
Yana nan a durƙushe, yana ɗuma yatsu,
na fasa bangon yamma, na ƙara ta biyu.