Dardumar Gangare

Kakana Audi kuku ne a Bukuru,
gidan Baturen kuza, shekara goma sha bakwai.
Ranar sallama bai samu agogo ba, bai samu keke ba,
sai darduma, wai ta fi ƙarfin akwati.

Yau na kifa ta a tsakar gida,
don bayan saƙa ba ya ƙarya.
Na ɗora babban yatsa, na shiga ƙirgen ƙulli:
ashirin da ɗaya, ban haye farce ba,
ido ya kawo ruwa.

Daga Farisa, aka ce.
Ban san garin ba, ban san sunanki ba,
ke da kika zauna gaban zare
kina ɗaura lambu ƙulli bayan ƙulli:
rumman a kusurwa, reshe na bin reshe,
tsakiya kamar rijiyar da tauraro ya faɗa.

Ga inda ulu ya yanke miki.
Jan ya sauya, taki ɗaya daga gefe,
na farko jinin kai, na biyu ruwan zoɓo.
Tukunyar rini ba ta maimaita magana.

Ga kuma tsuntsu mai ƙafa ɗaya.
Malam Tanimu ya ce da gangan ne,
kamala ta Allah ce, bawa ba ya ja.
Ni dai na ce jariri ne ya yi kuka,
kika tashi, kika dawo, lissafi ya ɓace.

Nan ƙasa namu ne.
Wata shekara sanyin Jos ya hana barci,
aka shigo da kasko,
garwashi ya ci furen, faɗin sule.
Inna Barmani ta cike da zaren hula,
kore, don shi ke cikin gwangwaninta.
Ba ta san tsarinki ba,
sai ta yi abin da hannunta ya sani.

Jiya dillali ya zo daga Abuja da tabarau,
ya shafa, ya shinshina, ya ja geza,
ya ce facin nan ya karya kuɗi,
a farke shi, a kira gwani.

Na ba shi shayi.
Na raka shi har bakin titi.

Wurin nan kaɗai a duniya
mata biyu suka gaisa ba tafinta.
Da la'asar na juya ta, na kaɗe,
'yata Ladingo ta kwanta a kan lambun,
kuncinta daidai kan koren zaren,
tana tambaya ina ɗaya ƙafar tsuntsun.